Waƙar da Babu Murya: Musaya a kan "Siren" na Glière

Mai Goge:
Assalamu alaikum. Daren jiya na saurari wani kiɗan taron makaɗa na Reinhold Glière, haifaffen Kiyef a 1875 wanda ya rasu a Mosko a 1956. Sunan kiɗan "Siren", aikinsa na 33, ya gama shi a 1908, bai kai minti 20 ba. Siren su ne matan nan na tatsuniyar Girkawa masu janyo matuƙa jirgi da waƙa har su hallaka. Ga abin da kunnena ya gani:

Da fari ba ka jin komai sai gurnani,
Manyan goge daga can ƙasa, motsin ruwa.
Sannu a hankali hazo ya ja da baya,
Tsibiri ya leƙo, sarewa na tasowa.
Jirgi na tafe, matuƙa sun ji kira,
Sun saki akala, babu mai waigowa.
Ƙaho da kakaki suka tashi gaba ɗaya,
Dutse ya tari jirgi, sai farfashewa.
Can sai shiru, teku ya gyara kwanciya,
Kamar bai ci kowa ba, ba ya ko kulawa.

'Yar Malam:
Wa alaikumus salam, Yaya. Na je na saurara, amma da ƙorafi na dawo.

Yaya, ka yabi kiɗa, ban musa maka ba,
Amma ina matan? Ban ji ko da ɗaya.
An ce da waƙa suke cinye matafiya,
To wace irin waƙa ce da babu murya?
Debusi, mai tsara kiɗan Faransa, da ya zo kansu,
Mata ya tara, suka rera da gaskiya.
Ba kalma ko guda, "aa" kawai suke ja,
Amma kunne ya ji mace, ya kai wa zuciya.
Mutuminka ya tara makaɗa cike da ɗaki,
Ya ba ni tuwo, ya hana ni miya.

Mai Goge:
Ƙanwata, da ya kawo mace ta rera,
Da kin ce: wannan muryar ba ta kai ba.
Wace murya za ki ji a zauren kiɗa
Ki yarda a mutu dominta, ba da wasa ba?
Shi ya sa ya ɓoye ta cikin tsarkiya,
Kowa ya ƙarasa da wadda bai manta ba.
Ni na ji ta wata da na sani tun da can,
Sunanta kuwa, ko an matsa ba zan faɗa ba.

Tsohon Malami:
Yara, kafin ku yi nisa, in gyara abu ɗaya. Kada ku ɗauke su 'yan ruwa masu jelar kifi. A zanen tukwanen Girkawan da, jikin tsuntsu gare su da kan mace. Labarin kuma yana babi na 12 na Odisi, waƙar Homa, mawaƙin Girkawan da, a kan komawar jarumi Odisiyos gida bayan yaƙin birnin Taroy.

Odisiyos ya bi ta nan, ya fita da ransa,
Ya toshe kunnen mutanensa da kakin zuma.
Shi kuma ya ce a ɗaure shi a jigon jirgi,
In ya roƙi a kwance, a ƙara igiya kuma.
Ba kyau suka tallata masa ba, sani ne:
Yaƙin Taroy suna da labarinsa har gama,
Da duk abin da ke gudana a bayan ƙasa,
Wa zai ƙi wannan in ya samu dama?
Glière bai ɗauki mai dabarar ba,
Ya bi talakawan jirgi da suka nutse, ba gardama.

Ɗan Tasha:
Baba, ni tambaya ce da ni, ba baiti ba sosai:

In har kiɗan ya kai yadda kuke faɗa,
Me ya sa ba a jin sa ko'ina?

Tsohon Malami:
Ɗana, ƙannensa ne suka sha gabansa. A 1911 Glière ya gama babban kiɗansa na uku a kan jarumin Rasha Iliya Muromets, wanda ya haura awa guda, a 1927 kuma ya yi kiɗan wasan rawa mai suna "Jan Fure" da aka yi ta yayi a zamanin Sobiyet. Wasu ma ba su san shi ba sai a matsayin malamin da ya koyar da Prokofiev, wanda daga baya ya zama shahararren mai tsara kiɗa, a 1902, yaron yana shekara 11.

Babban ɗa ya shige inuwar ƙannensa,
Ana ta kiran gidan, ba a kiran sunansa.

'Yar Malam:
Baba, na gode. Yaya, na sake ji, wannan karon da abin kunne, na ɗora shinkafa a wuta.

Ban janye ba, har gobe Debusi nake so,
Amma wurin da gogen suka hau, suka ƙara,
Suka sauko kaɗan, suka sake hawa sama,
Na ji kamar ana ja na ba tare da an kira.
Ban ga tsibiri ba, ban ga jirgi ba,
Ƙauri ne ya farkar da ni, da ihun yara.
Shinkafa mudu guda ta zama gawayi,
Yaya, kai za ka biya, ka aiko kafin sallar zuhura.

Mai Goge:
Ki tambayi Baba, wataƙila yana da ragowar kakin zuma.