Kwanon tangaran mai hatimin Sarki Qianlong: in saya ko in haƙura?

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum jama'a. Shekara tara ke nan ina zuwa Guangzhou saro yadi, a can ne son tangaran ɗin Sinawa na dā ya kama ni. Jiya wani dillali ya kawo mini ɗan kwano, bai wuce tafin hannu biyu ba. Ruwan ƙwai ne ciki da waje, an zana dodon nan nasu mai jikin maciji da farce biyar a kowace ƙafa, a gindinsa kuma haruffa shida da shuɗi. Ya ce daga fadar Sarki Qianlong ya fito, kuɗinsa yuan 40,000. Na ɗaga shi wajen taga, haske ya ratsa shi har ina ganin inuwar yatsuna. Na ƙwanƙwasa bakinsa da farce, ya yi ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa. Wallahi raina ya biya, ko barcin kirki ban yi ba. Masana, me za ku ce?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kada hatimin ya ruɗe ka. Ma'anar haruffan ita ce an yi kwanon a zamanin Qianlong na daular Qing, wanda ya yi mulki daga 1736 zuwa 1795, amma rubutu kowa na iya yinsa. Tun zamanin kakansa Kangxi, maginan garin Jingdezhen suke sa sunan Sarki Chenghua na daular Ming a kan sabon aiki don girmama magabata. Har gobe garin nan na lardin Jiangxi tangaran yake gasawa, kuma akwai gwanayen da kwaikwayon kayan fada ne sana'arsu. Haske da ƙarar da ka ji, kowane tangaran mai kyau yana da su, ko jiya aka fid da shi daga wuta.

Launin ma abin dubawa ne. A fadar Qing, kwano ruwan ƙwai ciki da waje na sarki ne da uwargidansa da uwar sarki kaɗai, shi ya sa masu jabu suke son yin irinsa. Kifa shi ka dubi zoben gindin da ba a shafa wa ƙyalli ba. Na gaske yana da santsi, tsufansa a jikinsa yake. Na jabu sau da yawa an goga masa shayi ko ƙasa, auduga mai laima tana ɗebe dattin.

Hajiya Mai Faɗi-ka-mutu:
Ƙanena, ko da na gasken ne, yaya za ka fito da shi? Dokar Sin ta hana fitar da kayan tarihin da aka yi kafin 1911. Kwastan za su iya ƙwace shi, ka jawo wa kasuwancinka matsala.

Na san labarin da ke jan mutane: kwanon zamanin Sarki Yongle na daular Ming da wani ya saya dala 35 a ƙofar wani gida a Connecticut ta Amurka, kamfanin gwanjo na Sotheby's ya yi gwanjonsa a 2021 kan sama da dala 700,000. Gaskiya ne, amma wancan mai sayarwar bai san abin da ke hannunsa ba. Naka dillalin ya san sunan sarkin, ya kuma san hanyar Hong Kong, inda a 2023 aka sayar da kwanon Qianlong mai zanen tsattsewa kan kimanin dala miliyan 25. In na gaske ne, me zai sa ya sayar maka da nasa kan yuan 40,000 kacal? Ni ina da kwanuka huɗu sababbin Jingdezhen, a matsayin kwaikwayo aka sayar mini, suna cikin kabad kusa da jeren mahaifiyata, kullum sai na tsaya na dube su.

Ɗan Kwari:
Allah ya saka da alheri Malam, na gode Yaya Hajiya. Na koma da auduga yau. Ta fito da launin shayi, zoben ya yi fari tas. Na tambayi dillalin takardar da ke nuna hannayen da kwanon ya bi, ya ce gadon kakansa ne, babu takarda. Na mayar masa. Yanzu ina neman wanda ya san hanya, daga Guangzhou wane jirgin ƙasa ne ya fi sauƙi zuwa Jingdezhen? Ina so in ga yadda ake gasa tangaran da idona.