Ta ina ake fara zana taswirar ƙasar almara don wasan tebur?

Ɗan Garwa:
Assalamu alaikum. Ni zan ja wa abokaina wasan Dungeons & Dragons, wasan tebur da mutum ɗaya ke jan labari, sauran suna taka rawar jarumai. Ina so in zana ƙasar da labarin zai gudana. Fensir da takardar A4 kawai gare ni. Me ake fara sawa, garuruwa ko duwatsu? Kuma yaya girman ƙasar ya kamata ya zama?

Mai Zane Marwa:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka ɗauko nahiya guda, ba za ku taka ko kwatanta ba. Gari ɗaya, ƙauyuka uku, da wuri biyu masu haɗari sun ishe ku wasan watanni.

Duwatsu ake fara sawa, domin su ke gaya wa ruwa inda zai bi. Ka ja su jere, kamar yadda duwatsun Mandara suka miƙe a kan iyakar Najeriya da Kamaru, kada ka watsa su ɗai-ɗai. Sai koguna. A nan sababbin hannu suka fi faɗuwa: za ka ga kogi ya taso daga teku ya ratsa dutse ya faɗa wani tekun, ko ya rabu uku a tsakiyar fili. Ruwa daga tudu yake gangarowa, kuma koguna haɗuwa suke yi. Dubi Logon da Shari, a Kusiri da Njamena suka gamu suka zama ɗaya, sai dab da Tafkin Chadi ruwan ke rarrabuwa. Bayan ruwa sai gari: a mahaɗar koguna, a mashigi, ko a bakin rijiya. Garin da ba a san inda yake shan ruwa ba, 'yan wasa za su tambaye ka. Hanyoyi su ne na ƙarshe.

Ka sa mayo ɗaya, wato rafi, da ke ƙafewa da rani. Da damina ya tare hanya, labari ya samu.

Yaya Hajjo:
Abin da Malam bai taɓo ba shi ne ma'auni, kuma shi ya fi amfani a kan tebur. Ka auna da kwanan tafiya. Mai tafiya a ƙasa yana cin kamar kilomita 30 a yini, to ka ce santimita 3 yini guda ne, ka ja layin a gefen takarda. Faɗin A4 santimita 21 ne, tafiyar mako ke nan. Taswirar cikin kogo daban ce: takarda mai gida-gida, kowane gida ƙafa 5, wajen mita ɗaya da rabi.

Kuma ka yi taswira biyu. Taka mai asirai, ta 'yan wasa mai giɓi.

Ɗan Garwa:
Na gode, Yaya. Tawada fa? Ina son ta fito kamar tsohuwar takarda.

Mai Zane Marwa:
Fensir HB tukuna, hannu sama-sama. Sai alƙalami mai kaurin baki milimita 0.5 a bakin teku, mai 0.1 a bishiyoyi da inuwar duwatsu, inuwar kuma duk gefe ɗaya. Sunaye ka tanadar musu wuri tun da fensir. Ka sa wata takarda ƙarƙashin hannunka, zufar Garwa tana jan tawada, kuma kada ka goge fensir sai ta bushe sarai.

Ruwan shayi marar sukari ke tsufar da takarda, amma kafin zane ake shafawa, a danne ta da littafi ta miƙe. In ka shafa bayan zane, tawadar da ba ta jure ruwa za ta malale.

Yaya Hajjo:
Ni ban ga amfanin shayi a karon farko ba. Takardar da 'yan wasa za su yi ta rubutu a kai, ka yi mata fotokwafi, ka ajiye ta asali a gida.