Kwamfuta na daskarewa tunda na sa mata katin LAN, wa ya taɓa gani?

Sagir, Unguwar Rogo: Salamu alaikum. Akwai tsohuwar kwamfuta mai Windows 98 a wani shago a Terminus, ita ke tuƙa injin yankan sitika, shi ya sa ba a rabu da ita ba. Na sa mata katin LAN na Realtek 8139, wato katin da ke haɗa ta da sauran kwamfutoci ta waya. Yana aiki, amma da an turo fayil mai nauyi sai ta sandare, ko linzami ba ya motsi. Na sauya waya, na sake direba, wato manhajar da ke tuƙa katin, duk a banza.

Malam Ɗanladi, Farin Gada: Wa alaikumus salam. Sagir ƙanena, kada ka zargi katin tukuna. Wannan ita ce wahalar da muka sha zamanin kafe na intanet. Kowace na'ura da layinta na kiran firosesa, shi ne IRQ, kuma a irin wannan kwamfuta 16 ne kacal, daga 0 zuwa 15. Agogo ya riƙe 0, kibod 1, linzami 12, faifai 14 da 15. Nawa ya rage? Katunan PCI, irin katin LAN ɗinka, suna iya zaman haya a layi ɗaya, na ISA kuwa, wato tsohon samfuri, ba ya son maƙwabci. Ni katin sautin ISA ne ya zauna a 5, BIOS, manhajar da ke tayar da kwamfuta, ba ta san da shi ba ta miƙa wa katin LAN 5 ɗin. Da na shiga PNP/PCI Configuration a BIOS na mayar da IRQ 5 Legacy ISA, wato na keɓe shi ga katin ISA, shi ke nan.

Bilkisu, Rikkos: Ni rawayar alama na gani a Device Manager da Code 12, wato layi ya ƙare. Na kashe COM1 da COM2, kafofin jona na'ura da ke bayan kwamfuta, a BIOS, layi na 4 da na 3 suka samu.

Malam Ɗanladi: A'a 'yata, shi kada ya yi gaggawa. Yawancin tsofaffin injinan yanka ta COM suke karɓar aiki. Ya duba wadda aka jona, ya kashe ɗayar kawai.

Injiniya Auwal, Dilimi: Kafin BIOS, a zare wuta a mayar da katin wani rami. Ramin da ke manne da na AGP, wato ramin katin hoto, sau da yawa layinsu ɗaya da katin hoto. Kuma a hure ƙurar hunturu tunda an buɗe.  

Sagir: Allah ya saka da alheri. Malam, maganarka ce: katin sautin ISA ne a 5. Mai shago ya ce ba ya jin komai da shi, na cire shi gaba ɗaya, na yi Reset Configuration Data a BIOS don ta sake raba layukan. Tun safe ake turo aiki, ba ta tsaya ba.