Yadda za a dawo da 'yan kallo filayen ƙwallon jami'o'in Amurka

Da aka tattauna kan raguwar da aka samu a shekarun baya a yawan masu zuwa kallon ƙwallon Amurka (American football) ta jami'o'i, kukan kusan ɗaya ne: gidajen talabijin sun ƙwace ragama. Sau da yawa sai saura kwana 12, wani lokaci ma 6, ake sanar da lokacin fara wasa. Mai tahowa daga nesa da iyalinsa yaya zai shirya? Ga wasa ya haura awa 3, ana ta dakatawa saboda talla, jama'a na gasuwa a rana.

Shawarar da ta fi rinjaye, kuma ina bayanta: a tsayar da lokaci tun da wuri, a rage hutun talla. Wasu suka ƙara da sassauta kuɗin tikiti da na ajiye mota, musamman ga ɗalibai.