Giram 200 na ots kofi nawa ne, idan babu sikeli a gida?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. Ina da tsarin yin biskit na ots da aka rubuta a Ingila, kuma an ce a zuba giram 200, alhali ba ni da sikeli, sai kofi da cokali da gwangwanin madara. Wani tsarin daga Amurka kuma da kofi yake awo. Don Allah, ta yaya zan mayar da giram zuwa kofi ba tare da kwaɓin ya lalace ba?

Mai Tanda:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Amsar ta danganta da irin ots ɗin da ke hannunki, domin kofi yana auna wurin da abu ya cika ne, ba nauyinsa ba. Idan mai fala-falan nan ne, wanda aka turara ƙwayarsa sannan aka matse ta, kofin Amurka guda, mai kusan mililita 240, yana ɗaukar giram 80 zuwa 90. Kamfanin Quaker, mai sarrafa ots, yana lissafa rabin kofi a giram 40. Ke nan giram 200 ɗinki zai kama kofi biyu da kwata zuwa biyu da rabi. Amma ɓarzajjen ots, wanda ya yi kama da tsakin masara, ƙwayoyinsa suna haɗuwa ba su barin iska a tsakani, har kofi ɗaya ya kai giram 140 ko fiye, kuma ma ba shi ake yin biskit da shi ba, domin sai ya yi minti 20 zuwa 30 a wuta kafin ya nuna. Wajen awo, ki riƙa zubawa a kofin da cokali, kada ki danna, kada ki girgiza, sannan ki share saman da bayan wuƙa ya yi daidai da baki. Dannawar nan ita ce ke sa biskit ya fito a bushe yana farfashewa a hannu.

Hajiya Babba:
'Yata, ki lura cewa kofin ma ba ɗaya ba ne a ko'ina. Na Ostireliya mililita 250 ne, kuma babban cokalinsu mililita 20 ne, yayin da na Ingila da Amurka yake kusan 15. Ƙaramin gwangwanin madarar ruwa kuwa bai kai kofi ba, kimanin kashi biyu cikin uku ne, saboda haka kada ki ɗauke su daidai. A wajen dama ots kamar kunu ba na damuwa da giram, awo ɗaya na ots, awo biyu na ruwa ko madara, da kowane kwano kika ga dama, in ya yi kauri ki ƙara ruwa. Gashin biskit ne ba ya karɓar gyara bayan an rufe tanda, don haka ina ganin duk mai yin biskit a kai a kai, musamman na sayarwa, ya kamata ta mallaki ƙaramin sikelin kicin.

Uwar Biyu:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Mai fala-fala ne nake da shi, don haka zan fara da kofi biyu da kwata, in kwaɓin ya yi ruwa sai in ƙara cokali uku ko huɗu.