Muhawara: Sarrafa Takobi da Hannu ko da Maɓalli?

Mai shago a Computer Village, kasuwar kayan kwamfuta da waya a Legas: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daren jiya na fara buga wasan bidiyo na Skyward Sword HD a na'urar wasa ta Switch, wanda ake iya sarrafa takobinsa da motsin hannu ko da maɓalli, kuma bayan awa uku na yanke cewa duk wanda ya buga shi da maɓalli bai ɗanɗani wasan da kamfanin Nintendo ya ƙera ba. Tun da ya fara fitowa a tsohuwar na'urar Wii a shekarar 2011, a kan Wii MotionPlus, abin da ke auna motsin hannu, aka gina shi, domin takobin Link, jarumin wasan, ya riƙa bin hannun mai wasa: in ka sara daga sama ya sara daga sama, in ka kai suka ya kai suka.

Ɗalibi daga Agege: Wa alaikumus salam Yaya. Ina girmama ra'ayinka, amma ban yarda ba. Kamfanin da kansa ne ya ƙara tsarin maɓalli a fitowar Switch ta 2021, inda ake karkata sandar dama ta abin sarrafa wasan da babban yatsa a kai sara ta kowace fuska, kuma da bai ga bukatar hakan ba da bai ƙara ba. Ni na gwada na hannun a ɗakinmu, wanda mu uku ne ke kwana a cikinsa, aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, kafin rabin awa na jiƙe da gumi kafaɗata ta gaji.

Mai shago a Computer Village: Ƙanena, laifin zafin Legas ka ɗora wa wasa. Ka tuna tsiron nan mai baki, Deku Baba, wanda wani lokaci yake buɗe bakinsa a kwance, wani lokaci a tsaye, kuma takobi ba ya kashe shi sai ka sare shi daidai yadda bakin ya tsage. Ka kuma tuna Ghirahim, babban abokin gaban da ake faɗa da shi a ƙarshen haikalin farko na wasan, a karon farko, wanda ke bin takobinka da hannunsa har ya cafke shi da yatsu idan ka yi gaggawa. Sai da na koyi nuna masa takobin ta hagu, sannan na kai sara ta wani ɓangaren, kafin na iya taɓa shi. A lokacin ji na yi ni da kaina nake yaudarar abokin gaba, kuma wannan jin ne nake cewa babban yatsa ba zai ba ka ba.

Malamin makaranta daga Idi-Araba: Alhaji, maganarka a kan Ghirahim gaskiya ce, amma akwai abin da ka tsallake. Na'urar da ke auna motsi a cikin Joy-Con, abin sarrafa Switch da ake riƙewa a hannu, tana kaucewa a hankali, har takobin ya koma nuna gefe alhali hannunka na fuskantar talabijin, sai ka danna maɓallin Y ka daidaita shi. A tsakiyar faɗa wannan babban cikas ne, domin mutum ba ya sanin kuskurensa ne ko na na'ura. Sai dai tsarin maɓalli ma yana da nasa nauyin, tunda sandar dama ta zama takobi, dole ka riƙe maɓallin L kafin ka juya kyamara, wato inda kake kallo a cikin wasan, kuma hakan ya fi damuna fiye da gajiyar hannu.

Ɗalibi daga Agege: Malam, wannan na amince da shi, juya kyamarar yana ba ni wahala. Amma awa uku ta yi kaɗan a yanke hukunci, Yaya bai ma wuce haikalin farko ba.

Mai shago a Computer Village: Na karɓi wannan. Ranar Lahadi ba na buɗe shago, ku zo gida bayan la'asar, zan tayar da janareta, kowa ya fafata da Ghirahim ta hanyoyin biyu a gaban sauran.