Wai faɗa-wuta ɗan jemage ne?

Uwargida, Tudun Jukun:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya bayan isha'i muna tsakar gida aka kawo wuta, nan da nan faɗa-wuta suka yanyame ƙwan lantarkin ƙofar ɗaki. Autana ɗan aji huɗu ya cafko guda, wata hoda ruwan toka ta manne masa a yatsu. Wai abokinsa ya ce masa 'ya'yan jemage ne, in sun girma sai su koma kan mangwaro su rataye. Na san ba haka ba ne, amma da ya nemi dalili sai na rasa ta cewa. Don Allah a taimaka min, ba na so ya tashi da wannan a ransa.

Malamin kimiyya, Samaru:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki sa shi ya ƙirga ƙafafun da kansa, zai samu 6, fukafukai 4. Faɗa-wuta ƙwaro ne, ba shi da ƙashi ba shi da huhu, ta wasu 'yan ƙofofi a gefen jiki yake shan iska. Hodar nan ƙananan ɓawo ne da ke lulluɓe da fiffikensa. Jemage kuwa sahunsa ɗaya da akuya: macen haihuwa take yi, ta shayar da ɗanta nono. Fiffikensa ma hannu ne, dogayen yatsu da fata ta haɗe.

Abin da zai fi gamsar da yaron shi ne wannan. Faɗa-wuta daga ƙwai yake farawa, ya zama tsutsa, tsutsar ta ƙunshe kanta, sannan ya fito da fukafukai. Daga ranar da ya fito ya gama girma ke nan, ƙaramin da ya kama a haka zai mutu. Irinsu sun kai wajen 160,000, ire-iren dabbobi masu shayarwa kuwa, har da jemage, duka ba su cika 7,000 ba.

Manomi, Shika:
Malam ya yi bayani. Ni a gona na san su. Tsutsar nan mai cin zuciyar masara, wadda ta shigo ƙasar nan a 2016 daga nahiyar Amurka, uwarta faɗa-wuta ce. Da dare take zuba ƙwai a jikin ganye. Shekarar da ta fara kama min gona sai da na yi hawaye, ganye duk huji, cikin kowace masara kashinta kamar dusa. Ƙananan jemagu kuwa cin faɗa-wuta suke yi, shi ya sa na hana yarana harbinsu da danƙo.

Mai aikin riga, cikin birni:
Hajiya ki gaya masa ba duka ne maɓarnata ba. Zaren tsamiya da muke aiki da shi a manyan riguna, daga gidan tsutsar wani irinsu ake samunsa. Asu dai ki kiyaye shi. Tsutsar ce ke cin ulu da alharini, ba mai tashin ba, don haka ki riƙa fito da kayan akwati kina shanyawa a rana.

Uwargida, Tudun Jukun:
Allah ya saka muku da alheri. Yau da dare zan sa shi ƙirga ƙafafun. Baba, bargon ulu ma shanyawar ta isa, ko sai an wanke?